Kalmar "captivate" da igiyar da ke cikinta

Yau a kan kalma ɗaya tak ta Turanci nake son mu tattauna, wato "captivate". Turawa na faɗarta idan wani mutum ko wani abu ya ɗauke wa jama'a hankali gaba ɗaya saboda daɗi ko kyau. Irin yadda marigayi Mamman Shata kan riƙe taro da waƙa har a manta dare ya yi, ko yadda murmushin budurwa kan sa saurayi ya kasa tafiya gida. Kalmar yabo ce zalla. Ba a amfani da ita idan ɗan sanda ya cafke ɓarawo, wannan aikin 'yar'uwarta ce, "capture".

A shekarun da na yi zaune a Ingila, kusan kullum sai na ci karo da ita a bayan littafi ko a tallar fim, kuma can ba ta da wani nauyi. A nan Ibeto, inda nake koyar da Turanci tun dawowata gida, nauyinta daban ne, kuma asalinta ne ya jawo haka. Daga Latin ta fito, daga "captivus", wato kamamme, wanda aka kamo a yaƙi. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16, kuma a da ana nufin kama mutum na zahiri da ita. Takwararta "enthrall" ma haka take, domin kuwa "thrall" bawa ne a tsohon Turanci.

To, mu a ƙasar Kontagora ba sai an yi mana fassarar kamu ba. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, shi ya kafa Kontagora wajen 1864. Ɗansa Ibrahim, Sarkin Sudan, ya yi suna wajen kai harin kamun bayi a ƙasashen Kambari da Gwari da Kamuku, har sojojin Lugard suka ci garin a 1901. Yau jikokin waɗanda suka yi kamun da na waɗanda aka kama a benci ɗaya suke zama a ajina. Ranar da na rubuta asalin kalmar a allo, wata ɗaliba Bakambara ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to yaya aka yi kamu ya zama abin yabo?"

Na ce mata ta saurari Hausarmu. Mukan ce wance ta sace masa zuciya, wane ya ɗauke mana hankali. Ga sata, ga ɗauka. Ita kanta "burge" gida ɗaya suke da "burga", wato tsoratarwa. Ashe Bahaushe da Bature duk sun lura cewa wanda abu ya burge shi matuƙa ya rasa wani yanki na ikon kansa. Bambancin kawai, wannan kamammen shi ke miƙa hannu a ɗaure shi, yana murna.

Ba na cewa mu guji abin da ke burge mu. Rayuwar da babu waƙa, babu soyayya, babu karatun malami mai ratsa jiki, ai miya ce ba gishiri. Sai dai da wannan igiyar ɗan siyasa mai zaƙin baki ke jan mu lokacin kamfen, da ita kuma MMM ta ja ɗimbin 'yan Najeriya kafin ta rufe musu asusu a watan Disamba na 2016. Saboda haka duk sanda na ji magana ta tafi da ni, nakan tsaya in tambayi kaina: wa ke riƙe da igiyar, kuma ina zai kai ni? Idan ya gama magana, zai sake ni in tafi da hankalina, ko kuwa sai na bar masa ƙuri'ata da aljihuna?

Allah Ya bar mu da hankalinmu, amin. Sai mun sake haɗuwa.