Garin da ke jin ɗumi da shararsa

Na sauka Kofanhegan, babban birnin Danmak, a watan Nuwamba, daidai lokacin da hunturu ke fara kunno kai a gida. To ɗan uwa, ajiye sanyin da ka sani a gefe. Namu da ƙura yake zuwa, ya farfasa leɓe, hantsi na ɗagawa ya sassauta. Nasu jiƙaƙƙe ne, daga teku yake tasowa, ya ratsa riga uku ya je ya sami ƙashi. Rana ma rowa take yi, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba suka riƙa zuwar mini a jere, ban gama naɗe darduma ba wata ta shigo.

Mai masaukina Bahaushe ne ɗan zangon Kumasi, ya daɗe a ƙasar. Ina shiga ɗakinsa ɗumi ya rufe ni. Na waiwaya, ba kasko, ba garwashi, ba ƙarar janareta, sai wani farin ƙarfe mai haƙarƙari a ƙarƙashin taga. Na taɓa na ji zafi.

Na ce, "Alhaji, me kuke hura masa?"

Ya ce, "Shara, Malam. Bari gari ya waye ka gani da idonka."

Da gari ya waye ya kai ni gidan ƙona sharar, sunan wurin Amager Bakke. Daga nesa na ɗauka dutse ne aka lulluɓe da azurfa. Tsayinsa ya kai mita 85, kuma tun 2017 yake aiki. Motocin shara na shiga suna juyewa cikin wani rami da zai haɗiye masallacin unguwa, wani ƙaton hannun ƙarfe mai yatsu yana damƙo lodi guda yana jefawa tanderu. Na leƙa ta wata 'yar taga, na ga wuta fara fat, zafinta kusan digiri 1,000. Ita ke tafasa ruwa, tururin ya juya injin lantarki, ragowar zafin kuma a kora shi ta bututai a ƙarƙashin titi har cikin ɗakunan mutane. Kusan duk gidajen birnin a kan irin wannan bututu suke, wannan tanderu da wasu tashoshi na ciyar da su. Kimanin tan 400,000 yake ci a shekara. Hayaƙin sai an tace shi an wanke kafin a sake shi, don haka farin abin da ke tashi a sama yawancinsa tururi ne. Na buɗe hanci da gangan ina neman warin nan na bola in an cinna mata wuta da magariba, mai sa yara tari har cikin gida. Ban ji ba. Toka ma ba ta tsira ba: a tsince ƙarafan ciki, sauran a zuba a aikin titi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai yana bisa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tudunta mafi tsawo bai wuce mita 171 ba, su kuma suna son wasan zamiya daga kan tudu. Sai suka karkata rufin gidan ƙona sharar, suka shimfiɗa koriyar roba, a 2019 suka buɗe wa jama'a. Na ga uba da 'yarsa sun sulalo suna ihu, a ƙarƙashin ƙafarsu ana ƙona tsumma da ƙyallen jarirai! Sannan matar da ke zagayawa da mu ta faɗi wata magana da na sa Alhaji ya maimaita mini: sharar garin ba ta isar tanderun, har daga Ingila ake kawo musu ƙari ta jirgin ruwa. Subhanallah. Na tuna kwalbatocinmu da leda ke toshewa duk damina, ruwa ya koma cikin gidaje.

Daga can ƙololuwa na hango farfelu ashirin jere cikin teku, farare, suna juyi ba gaggawa. Middelgrunden ke nan, an kafa su a 2000, rabinsu mallakar dubban mazauna garin ne da suka haɗa kuɗi kamar adashi. Yau fiye da rabin lantarkin da ƙasar ke samarwa daga iska yake fitowa. Wuya ce ta koya musu. A 1973, da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, kusan duk makamashinsu na sayowa ne daga waje, har gwamnati ta hana tuƙa mota ranar Lahadi. Daga nan suka duƙufa, shekara bayan shekara, gwamnati ta sauka wata ta hau, ana ta haƙa rami ana binne bututu. Tashin farashin da ya gigita su mu shi ya cika mana aljihu. Ba da jimawa ba ƙarin albashin Udoji ya fito, iyayenmu suka jingine kekunansu Raleigh suka sayi babur da mota.

Su kuwa keken suka riƙe. Da safe kamar an buɗe dam: mai kwat, tsohuwa mai furfura, uwa da yara biyu a akwatin gaba, kowa a kan titinsa na musamman, ba hon sai ƙararrawa. Farfelun iskar nan kuwa, mu ma muna da namu, 37 a Lambar Rimi ta jihar Katsina, na megawat 10, aikin da ya ɗauki shekaru fiye da goma yana jan ƙafa. Iskarmu ba ta gaza ba. Na daɗe tsaye a kan rufin nan wannan abu yana cin raina.

Da dare Alhaji ya kawo baƙin burodi mai nauyi da tsami, da kifi ɗanye da aka jiƙa a ruwan tsami da sukari. Loma ta farko na rasa ko miya ce ko alewa, ta uku na fara gane inda daɗin yake. Ruwa daga famfo ya tara mini, mai sanyi, ba ɗanɗanon magani.

Washegari ya ɗauki buhun kwalabe muka je kanti. A bango akwai inji mai baki. Ka tura gwangwani, ya juya shi, ya karanta, ya haɗiye, ya lissafa maka krona ɗaya, babbar gora krona uku. Kuɗin tun wajen saye aka karɓa, yanzu ake mayar maka. A bakin titi kuma na ga kwandunan shara masu 'yar kanta a gefe, inda wanda ba ya son wahala zai ajiye kwalbarsa don mai tsinta ya ɗauka ba tare da ya cusa hannu cikin ƙazanta ba. Ina tsaye wani mutum ya zo da jaka, ya kwashe, ya wuce.

Na ce, "Alhaji, ai wannan ɗan bola jari ne."

Ya ce, "Shi ne, Malam."

Na tuno yaran nan da ke wucewa ta ƙofar gidana da buhu a kafaɗa da mayen ƙarfe ɗaure a sanda, ba safar hannu, ƙafa cikin silifa, suna ware roba da dalma da tagulla da ido kawai, ba sa kuskure. Injin ya turo 'yar takarda, krona 46. Alhaji ya miƙo mini ya ce in sayi shayi. Ban saya ba, takardar na cikin fasfo ɗina har yanzu.