Daga Tasawa zuwa Mayahi: abin da yashi ke ɓoyewa a gindin gada

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Yamai da Damagaram, ita ce jijiyar kasuwancin jahar Maraɗi. Matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi gabas zai bi ta Cadawa, da Agye, da Gazawa, kafin ya sauka Tasawa, tafiyar kilomita ɗari da ƴan kai. A yankin Gazawa ne hanyar ke tsallake kwarin Gulbin Kaba. Da rani babu wanda ke kula da wurin: fili ne na farin yashi, da goriba tsaye jefi-jefi, da sawun amalanke. Direba ya wuce bai rage gudu ba, fasinja kuwa yana gyangyaɗi. Amma duk buhun gero da wake da aya da ke bin wannan hanya, da duk ganga ta man fetur, a kan irin waɗannan gadoji da kadarkai suke wucewa. In ɗaya ta karye, labarin yakan isa kasuwa kafin ya isa ofis.

Tasawa tsohon gari ne, kuma tun asali garin matafiya ne. Ayarin Azbinawa masu gishiri da dabino a nan suke yada zango kan hanyarsu ta Kano. Bajamushe Heinrich Barth ya biyo ta garin a watan Janairu na 1851. Gabas da shi kaɗan akwai Maijirgi, inda tafiyar ɓarna ta kyaftin Voulet da Chanoine ta zo ƙarshe a watan Yuli na 1899. A zamanin mulkin mallaka Tasawa ce mazaunin kwamandan, har zuwa 1927 da aka mai da shi Maraɗi. Ita Maraɗin ma ruwa ne ya sake mata mazauni: ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwarin gulbi, aka hau tudu aka yi sabon gini. Ke nan mutanen jahar nan ba baƙin ƙarfin ruwa ba ne, ko da yake watanni takwas ko tara na shekara ba sa ganin ɗigonsa daga sama.

Daga Tasawa in aka yi arewa maso yamma, ƙasa takan ƙara laushi, jigawa bayan jigawa, har a sake cim ma Gulbin Kaba wajen Kanambakashe da Mayahi. Gulbin daga Najeriya ya fito, ya shigo ƙasarmu ya yi arewa, sa'an nan ya karkata yamma, ya bi ta gundumar Gidan Runji ya koma Najeriya, kamar baka. Sunansa daga kaba ya samo shi, wato ganyen goriba, wanda matan yankin ke saƙa tabarma da faifai da shi, maza kuma su tufka igiya. A wajen Mayahi gulbin ya daɗe da zama kwari mai barci. A galibin shekaru ruwa ba ya gudu a cikinsa daga farko har ƙarshe, sai dai ya kwanta tafki-tafki. Masu haɗarin su ne ƙoramun da ke gangarowa cikinsa daga tuddai. Ruwan sama na awa biyu ya isa ya cika ƙorama fal, ta yi gudu da ƙugi, zuwa wayewar gari kuma ta bushe, sai ka ce ba a yi ba.

Masana ruwa sun lura da wani abin mamaki a ƙasashen Sahel. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke kwarara a doron ƙasa ya ƙaru. Dalili shi ne itatuwa da ciyayi sun yi ƙaranci, fuskar ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ba ya samun shiga, sai ya gudu ya kwashi yashi. Kadarkon da aka auna domin ƙoramar shekarun 1960 yau ƙorama ce ta dabam ke bi ta ƙarƙashinsa.

To, yaya ruwa ke kada gada? Sau da yawa ta ƙasa yake zuwa. In ruwa mai gudu ya bugi ginshiƙi, wani sashe nasa yakan nutsa ƙasa, ya yi juyi a gindin ginshiƙin, ya riƙa yasar yashi kamar mai yasar rijiya. Ramin da yake ginawa kan iya kai ninki biyu na faɗin ginshiƙin. Haka kuma in an matse ƙorama mai faɗi aka tura ta cikin ƙaramar kafa, gudun ruwa yakan ƙaru, ya zaizaye ƙasan kafar da bakinta na fita. Babban makircin yana zuwa ne a ƙarshe: da ruwa ya fara janyewa, yashin da yake ɗauke da shi sai ya zauna ya cike ramin. Ma'aikacin da ya zo dubawa bayan kwana uku zai tarar da wuri sumul, ya rubuta cewa lafiya lau. Alhali yashin da ya cike ramin sako-sako ne, ba ya riƙe komai, kuma ambaliya ta gaba cikin ɗan lokaci za ta kwashe shi ta ci gaba daga inda ta farko ta tsaya.

Ƙasashen da suka fi mu dukiya sun sayi wannan darasi da tsada. Ran 5 ga Afrilu 1987, gadar rafin Schoharie da ke jihar New York ta Amurka ta rufta lokacin ambaliya, mutum 10 suka rasu. Bincike ya nuna ruwa ne ya yashe gindin ginshiƙi. Daga nan hukumar hanyoyin ƙasar ta sa a bi gadojin da ke bisa ruwa a duba wannan haɗari. Ran 4 ga Maris 2001 kuma, wata tsohuwar gada a kan kogin Douro na ƙasar Fotugal ta faɗi da motar safa da ƙananan motoci, mutum 59 suka halaka. Cikin dalilan da aka ambata har da ɗibar yashi daga cikin kogin shekara da shekaru. Masu tura motoci ɗibar yashin gini kusa da gada, wannan magana ta shafe ku.

Tun da ido ba ya ganin ƙasan ruwan ambaliya, sai injiniyoyi suka koma ga kunne. Na'urar da ake kira sona tana aiki ne da amsa-kuwwa, kamar yadda jemage ke gane hanyarsa cikin duhu. Ana ɗaure ta a jikin ginshiƙi cikin ruwa, tana fuskantar ƙasa. Sai ta aika sauti, sautin ya bugi ƙasan kogi ya dawo, ita kuma ta ƙidaya lokacin da ya ɗauka. Sauti na tafiyar kimanin mita 1,500 cikin daƙiƙa ɗaya a ruwa. In ƙasa tana nisan mita 3, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, wato kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa. In lokacin ya ƙaru, rami na zurfafa. In ya ragu, yashi na taruwa. Na'urar tana awo dare da rana, tana aika sakamako ta layin salula, ta yadda za a iya rufe gada kafin ta faɗi. Akwai kuma wadda ake ɗorawa a jirgin ruwa, a zagaya a zana taswirar ƙasan kogi gaba ɗaya.

Irin wannan awo ya dace da kogin Isa a Yamai, inda ruwa ke ƙarƙashin gadar Kennedy ta 1970, da ta biyu ta 2011, da ta Janar Seyni Kountché ta 2021, kuma inda cikewar kogi da yashi ta daɗe tana damun Hukumar Kogin Neja. A Tasawa da Mayahi lamarin dabam ne. Sona sai da ruwa take ji. A busasshiyar ƙorama kurma ce. Ranar da ruwan ya zo kuma, yakan zo da kumfa da laka da kututture, abubuwan da ke rikita sauti, wani lokaci su fasa na'urar.

Sai dai bushewar da ta hana sona aiki ita ce ta ba mu abin da masu manyan koguna ba su da shi: muna iya sauka da ƙafa har gindin gada. Akwai dabara mai araha da masana suka yi aiki da ita a busassun ƙoramun jihar New Mexico tun shekarun 1960. Da rani a haƙa rami kusa da ginshiƙi, a binne sarƙa a tsaye, a rubuta tsawonta. In ambaliya ta yashe ƙasa, sashen sarƙar da ya fito fili zai kwanta, yashi ya rufe shi. Da kaka a tona: inda sarƙar ta lanƙwashe, nan ne iyakar zurfin da ruwa ya kai. Ƙasar da ke da maginan rijiya masu auna zurfi da gaba ba za ta rasa masu wannan aiki ba. A haɗa da ma'auni da aka zana da fenti a jikin ginshiƙi, da littafi guda na kowace gada, da kwandunan waya cike da duwatsu a inda awo ya nuna rauni, da yashe kafofin da yashi ya toshe tun kafin watan Yuni.

Sauran maganin yana gona. Sassaben zamani, wato barin tsiron gawo da kalgo da sabara su girma cikin gero, wanda manoman jahar Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980, yana rage gudun ruwa tun daga tudu. Kowane itacen da ya tsaya a gona ya rage wa kadarko nauyi.

Damanar 2024 ta nuna abin da ke cikin sakaci. A watan Agusta ruwa ya yanke hanya mai lamba 1 a Sorey, ƙofar Yamai, manyan motoci suka yi jerin gwano, babban birni ya yi kwanaki yana jiran kaya. Jahar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi asarar rayuka a wannan shekara. Ɗan kasuwa ya san abin da kwana uku a bakin karyayyar hanya ke yi wa motar albasa ko ta dabbobi. Ma'aikaci ya san kuɗin sake gada ya ninka na kiyaye ta sau da yawa. Saboda haka masu tsara kasafin gundumomin nan biyu su ware wa awon gindin gadoji layinsa, ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi kuma su riƙa tambayar sakamakon kowace shekara kafin hadari ya haɗu a gabas. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.