Baƙon Yini Ɗaya a Ƙasar Gumel

A cikin tekun Atilantika, yamma da gaɓar Maroko, akwai wani tsibiri mai suna Madera, wanda ke ƙarƙashin ƙasar Fotugal. Manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido sukan yada zango a Funshal, babban birnin tsibirin, da hantsi, su sauke dubban fasinjoji, sannan su ɗaga kafin dare. Duk abin da fasinja zai gani a tsibirin, cikin sa'o'i bakwai ko takwas zai gan shi. Shi ya sa tun yana gida yake zama da takarda da alƙalami yana lissafi: ya hau motar igiya zuwa unguwar Monte da ke kan dutse, ko ya shiga kasuwar manoma, ko ya ɗauki hayar mota ya zaga ƙauyuka? Doka guda ce ke kan kowa. Wanda ya fita yawon kansa ya makara, jirgi ba ya jiran sa. Sai dai ya nemi kuɗin jirgin sama ya tarar da shi a zango na gaba.

Abin da ya ja hankalina ga wannan lissafi shi ne kamarsa da wani aiki da ke faɗowa kaina kusan kowace shekara, wato shirya wa ɗalibai ziyarar gani da ido ta yini ɗaya zuwa masarautar Gumel. Muna da motar makaranta guda, da direba guda, da ɗalibai kusan arba'in, maza da mata. Daga Kano zuwa Gumel tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, daga Gumel zuwa Maigatari kuma ɗan taƙi ne. Idan muka tashi bayan sallar Asuba, rana ta ɗan ɗaga kafin mu isa. Dole kuma mu shigo Kano kafin duhu ya yi sosai, domin a cikin motar akwai 'ya'yan mutane da matan aure, kuma ba na son tafiyar dare a kan hanyar da tirelolin shanu ke bi. In aka cire tafiya da komowa, aka cire sallah da cin abinci, abin da ke saura a hannu bai wuce sa'a biyar ba. A kan waɗannan sa'o'i biyar ake yin duk gardamar.

Gardamar kullum iri ɗaya ce. Masarautar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ce: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. A wurin taron shiri, ba a rasa wanda zai ce tunda an kashe kuɗin mai, a taɓa kowace. Wani dattijon malaminmu ya taɓa ce mini, "Dakta, in yaran nan suka dawo ba su ga Sule Tankarkar ba, me za su rubuta a rahoto?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Farfesa, in sun gan ta ta tagar mota ma, sunanta kawai za su rubuta." Muka yi dariya, amma har yau bai yarda da ni ba, ni ma ban sauya ra'ayi ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Abu na farko da nake tsayarwa shi ne rana, kuma a nan babu zaɓi: Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci. Wanda ya je Maigatari ranar Litinin zai ga gari na kan iyaka kamar sauran, da rumfuna a rufe da fili fetal. Ranar Alhamis kuwa, filin nan yakan cika da shanu da tumaki da awaki da dawaki da jakuna da raƙuma, yawancinsu an koro su ne daga Jamhuriyar Nijar, ta wajen Dungas da Magarya da Damagaram, wasu ma daga nesa da haka. Yaron da ya tashi a cikin birnin Kano ya san raƙumi, amma bai taɓa tsayawa a tsakiyar garken raƙuma ana cinikinsu ba. Nakan bar su su yi minti goma suna kallo kawai, ban ce musu komai ba.

Daga nan aiki ya fara, kuma a nan nake zuba mafi yawan lokacinmu, sa'a uku cur. Nakan raba su rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, kowane rukuni da dillalin da muka yi magana da shi tun mako guda kafin zuwanmu. Abin da nake so su fahimta ba ya cikin littafin da muke karantarwa da shi. Ga Buzu ko Bafillace ya kawo dabba daga ƙasar da ake kashe sefa, ga mai saye ya zo daga Legas ko Inugu ko Fatakwal da naira, ba su san juna ba, wani lokaci ma ba sa jin harshen juna. Me ya sa ciniki ke faɗawa a tsakaninsu? Saboda akwai fatoma da ya saukar da mai dabba, ya tsaya masa, ya san daga inda ya fito. Akwai dillali da ke kai taya yana dawo da "albarka" har a kai ga "sallama". Akwai ɗan canji a gefe da ya san farashin sefa na wannan safiyar. Akwai kuma shugabannin kara da za a koma gare su in dabba ta zama ta sata ko aka samu saɓani. La'adar da ake biya ladan wannan amana ce. Ɗalibin da ya tsaya ya ga an yi cinikin bijimi guda daga farko har ƙarshe, ya ji yadda aka tashi daga wannan farashi aka sauka a wancan, ya karu fiye da wanda na yi wa lacca uku a kan kasuwancin ƙetare iyaka. Amma cinikin bijimi guda yakan ci rabin sa'a, wani lokaci fiye, kuma ba a gaggauta shi don baƙo na sauri.

Akwai ɓangaren hatsi da kayan gona, wanda baƙi kan manta da shi saboda raƙuma sun ɗauke musu hankali. In ziyarar ta faɗo da kaka, nakan tura rukuni guda wajen masu riɗi da zoɓo. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman waɗannan biyun, kuma busasshen zoɓon da ake aunawa a wannan yanki yana kaiwa har ƙasar Mekziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Wata ɗaliba ta taɓa tambayar mai awo ko ya san inda kayansa ke zuwa. Ya ce, "'Yata, na san mota tana zuwa ta ɗauka, kuma na san nawa ake ba ni." Tazarar da ke tsakanin abin da ake ba shi da abin da ake sayarwa a can ita ce ta zama aikin binciken yarinyar na shekarar ƙarshe.

Sai batun iyaka. Kowace shekara akwai ɗalibin da zai roƙe ni ya taka ƙasar Nijar ko da da ƙafa ɗaya ce, don ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Amsata a'a ce, kuma nakan faɗa musu tun a mota cewa ba a ɗaukar hoton jami'an tsaro ko shingensu. Iyakar nan ba abin wasa ba ce ga mutanen garin. An rufe ta a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe ta tare da ta Illela da Seme da Mfum. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka rufe, a cikin tukunyar dillali da ɗan dako da mai tuwo-tuwo ake fara jin sa. Na fi son ɗalibi ya zauna da ɗaya daga cikinsu ya ji yadda ya ciyar da iyalinsa a waɗancan watanni, da ya tsaya a kan layin da ba ya ganuwa yana murmushi.

Wurin da lissafina ya fi wahala shi ne garin Gumel kansa. Tarihinsa ya isa a ba shi yini guda shi kaɗai. Masarauta ce ta Mangawa da aka kafa wajen 1750, ta yi mubaya'a ga Barno, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, ga ta kuwa a maƙwabtaka da Kano da Haɗeja. Tsohuwar hedikwatarta, Tumbi, yau tana cikin ƙasar Nijar. A 1845 aka dawo da sarauta inda take yanzu, Turawa kuma suka iso a 1903. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa iyakar da ya gani a Maigatari ƙanwar masarautar ce ta bayan baya. To amma fada ba wurin da ake shiga ana duban agogo ba ne. In ka rubuta takarda ka nemi iso wurin Mai Martaba, ka ba da ranarka ke nan: za ka jira a yi maka iso, a yi gaisuwa yadda ta kamata, a yi jawabi, wataƙila a kawo abinci, kuma rashin ɗa'a ne ka miƙe ka ce kasuwa za ta watse. Saboda haka ba na haɗa fada da kasuwa a rana ɗaya. Abin da nake yi shi ne in roƙi wani masanin tarihin garin, sau da yawa daga cikin malaman Kwalejin Ilimi ta Gumel, ya tare mu a ƙofar fada a kan hanyarmu ta komowa, ya yi wa yara bayani na minti arba'in a tsaye. Wasu abokan aikina na ganin wannan rowa ce ga Lautai. Ni kuwa ina ganin ya fi mutunci a kan a shiga gaban sarki da ƙurar kara a ƙafa da hamma a baki.

Gagarawa tana samun minti ashirin da safe, albarkacin tashar jirgin ƙasa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta nan ya ratsa, kuma shi ya riƙa kwashe gyaɗar wannan yanki a zamanin dalar gyaɗa. A sauka, a ga dogo, a miƙe ƙafa, a koma mota.

Sule Tankarkar ce ke biyan kuɗin wannan tsari, kuma ba na ɓoye wa kaina cewa asara ce. Tana yamma da Gumel, ba a kan hanyarmu ba, kuma abin da ke wurinta ba irin wanda ake nunawa da yatsa ba ne: gonakin gero da wake da riɗi a kan jigawa, da rijiyoyi masu zurfi, da manoman da ke lissafin damina da kwanaki. Wato can ne tushen abin da ake aunawa a kasuwa. Baƙon yini ɗaya, a Madera yake ko a Jigawa, bakin hanya yake gani da wurin da jama'a suka taru, sai ya koma gida yana zaton ya ga ƙasa. Dabarar da na samu ita ce, in akwai ɗan yankin a cikin aji, nakan ba shi lasifikar mota tsakanin Gujungu da Gumel ya ba mu labarin garinsu. Akan samu wanda bai taɓa buɗe baki a aji ba ya yi magana ta rabin sa'a, 'yan birni suna yi masa tambaya.

Akwai kuma tambayar abin da mu muke bar wa garin. Biranen da manyan jiragen ruwa ke zuwa sun daɗe suna kukan cewa fasinja ya ci ya ƙoshi a jirgi, ya sauko ya cika titi, ya ɗauki hoto, ya koma bai kashe abin kirki ba; birnin Benis na Italiya ma ya hana irin waɗannan jirage ratsa tsakiyarsa tun 2021. Motar ɗalibai arba'in ba jirgi ba ce, amma halin ɗaya ne in aka cika ta da shinkafar leda daga Kano. Don haka ruwan sha kawai muke ɗauka. Abincin rana a Maigatari ake saye, fura da nono ko tsire ko abin da mutum ya ga dama, tsaraba kuma dabino da cuku. Dillalan da suka bar cinikinsu suka zaga da mu ana ba su ladansu a cikin kasafin tafiya, da sunansa a rubuce, domin ranar Alhamis ita ce ranar samunsu, kuma "mun gode" ba ta cefane.

Inda na rabu da matuƙin jirgin ruwa shi ne wajen makara. Shi yana da ikon ya busa ƙaho ya tafi. Ni ba ni da ikon barin 'yar wani a bakin iyaka don ta tsaya cinikin dabino. Saboda haka kowane rukuni yana da shugaba mai lambar wayata, ana ƙirga kai sau uku: a Gagarawa, da bayan sallar Azahar, da kafin a tayar da mota. Wurin haɗuwa guda ne, inda motar ta tsaya, ba a sauya shi. Ɗalibai nakan ce musu ƙarfe biyu da rabi mota za ta bar Maigatari. Ni da direba mun san ƙarfe uku ne.