Shago ɗaya, masu shi uku: tarihin wani lungu a Madalla

Kafin wani ya yanke mini hukunci, giya haramun ce, kuma ba tallarta na zo yi ba. Labarin wani shago ne a unguwarmu a Madalla, wanda ɗaliban da ke zirga-zirga tsakanin nan da Gwagwalada suka sani da wurin mai shayi. Kaɗan ne suka san ya yi shekaru yana gidan giya. Ina digiri na biyu a fannin tarihi, kuma a yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas ɗin nan da muka yi a gida, na zauna da dattawan layin na tattara labarinsa. Abin da na gano shi ne, in ka bi masu shagon ɗaya bayan ɗaya, ka karanta tarihin garin kansa.

Ta farko wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Gbagyi. Lokacinta rumfar ciyawa ce kawai, tana dafa burkutun dawa a manyan tukwane, manoma in sun taso daga gona su zauna da ƙorensu. Madalla a wancan zamanin ƙauye ce kusa da Dutsen Zuma. Sai a 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasa nan yankin. Garin Abuja na asali ya ba sabon birni sunansa, shi kuma ya koma Suleja. Leburori da direbobin tifa suka fara kwararowa, cinikin tsohuwa ya buɗe.

Na biyu wani Ibo ne, kowa Oga yake ce masa. Bayan an tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ƙananan ma'aikata, suka dawo Zuba da Madalla da Suleja. Oga ya sayi filin a hannun 'ya'yan tsohuwa, ya yi ginin bulo da rufin kwano, ya sa firji da kujerun roba, matarsa na yin farfesu. Da jihar Neja ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, sai ya cire allon shagon ya saki labule a ƙofa. Rusau ɗin da aka yi a Abuja lokacin El-Rufa'i yana minista, 2003 zuwa 2007, ya ƙara cika unguwar da baƙi.

Kada ku ɗauka zaman lafiya ƙalau aka yi da shi. Dattawan masallacinmu sun kai ƙararsa wurin mai unguwa ya fi a ƙirga, saboda kiɗa da hayaniyar mashaya. Daga baya aka daidaita: in an kira salla a kashe kiɗa, da azumi kuma ƙofar gaba a rufe take.

A waɗannan shekarun ne wani saurayi daga wajen Maraɗi ya roƙi Oga ya kafa teburin shayi a gefen katanga. Oga ya yarda, har ya jawo masa wayar ƙwan fitila ɗaya daga janaretonsa, kyauta. Mai shayin bai taɓa zama a ciki ba, Oga kuma kullum da safe a teburinsa yake karyawa da burodi da ƙwai.

Ranar 25 ga Disamba, 2011, bam ya tashi a cocin St. Theresa da ke Madalla, mutane fiye da 30 suka rasu. Oga ya rasa 'yan cocinsu da ya sani da sunayensu. Ƙarshen watan aka sa dokar ta-ɓaci a ƙaramar hukumar Suleja, sojoji suka kafa shingaye, kowa yana kallon maƙwabcinsa da wani ido daban. Oga ya haɗa kayansa zai koma gida da iyalinsa. A cikin duk mutanen layin, mai shayi ya miƙa wa makulli.

Mai shayin ya ce masa: "Oga, ka san ni ba zan sayar da giya ba. Abin da ya rage zan kira dilanka ya kwashe ku yi lissafinku. Ɗakin kuma in na shiga, haya zan riƙa biyanka."

Babu takarda, babu lauya, babu shaida sai Allah. Wasu sun zuga shi cewa mutumin nan ba zai dawo ba, ka riƙe abinka. Bai saurare su ba. Ya wanke ɗakin tas, ya shigar da teburinsa ciki, duk shekara yana tura kuɗin haya ta banki, yana rubutawa da ajami a wani littafi mai shafi 40. Da Oga ya rasu, ɗansa ya zo da fargabar rigima, sai ya tarar da lissafi cif, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Ƙarshe shi ya sayar wa shagon, ya bar shi ya biya a hankali. Shi ne mai shi na uku, kuma a bencinsa da yawanmu muke karatun jarrabawa in an ɗauke wuta.

Abin da ya sa na rubuto wannan: kullum muna nan muna faɗa a kan addini da ƙabila, kowa da digirinsa, a zagi juna a toshe juna. Ga mutumin da bai taɓa shiga ajin boko ba, ya ƙi sana'ar maƙwabcinsa ƙiri-ƙiri, ya faɗa masa a fuska, amma bai ci amanarsa ba. Ya gane cewa ƙin abin da mutum yake sayarwa bai halatta maka dukiyarsa ba. Haƙƙin maƙwabtaka da muke haddacewa tun a Islamiyya, shi a aikace ya yi shi, a lokacin da tsoro ya raba garin biyu.

Sannan irin wannan labarin ba za ka same shi a laburare ba. Yana bakin tsofaffi ne, su kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin waɗanda suka ba ni labarin nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Mai neman abin da zai yi firojet a kai, ya fara da shagon da ke bakin layinsu: wa ya gina, wa ya gada, me ya sa ya tafi? In akwai irinsa a unguwarku, a ba mu labari.