Tabarma a Bayan A-kori-kura

A ƙasar Amurka akwai wata irin tafiya da ba mu saba da ita ba. Mutum zai ɗaura wa motarsa ɗaki mai tayoyi, da gado da murhu da makewayi da tankin ruwa duk a ciki, ya ja abinsa ya nufi hamadar kudu maso yammacin ƙasar, wajen jihar Arizona, inda dare ya yi masa nan ne gida. Mu a nan Fulanin tashi muka sani da ɗora gida a bayan takarkari. Abin akwai ban sha'awa, amma tambayar da ta tsaya mana a rai ita ce, wanda ya tafi da ruwansa da gadonsa, ƙofar wa zai yi wa sallama?

Tamu tafiyar ta talakawa ce. Mu huɗu ne, malaman makaranta ɗaya, muka ari a-kori-kura a hutun watan Afrilu, muka zuba tabarmi da buta da jarka, muka tashi daga Kazaure da niyyar kwana uku. Roni muka fara nufa, muka sha kallon duwatsu. A Gwiwa fura kawai muka sha muka juyo, domin zafin bazara ba ya barin mutum ya yi dogon zance. Kashegari muka yi gabas zuwa ƙasar Babura, wadda ke ƙarƙashin masarautar Ringim, nan ne ƙasa ta miƙe, yashi ya fara kama taya.

Kada mai karatu ya ce mun shiga hamada. Jigawa ce mai gero da riɗi, sai dai hamadar tana leƙowa. Mun sha rubuta wa ɗalibai a allo cewa Tarayyar Afirka ta amince da shirin shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da abin ya shafa. To, wannan karatun allo ke nan.

Da ruwanmu ya ƙare bayan la'asar, dole muka yi sallama a wani ƙauye. Wani dattijo ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Bayan lisha ya nuna mana igiyar gugansu, wadda ya ce sau biyu aka yi mata ƙari tun aurensa na fari. Daga nan hira ta faɗa kan gawo. Ya ce gawo shi ne itacen da ya san mutuncin manomi, domin da damina yake kakkaɓe ganyensa, gero ya sami rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore, awaki su ci 'ya'yansa. Ya ce mutanen wajen Magarya, tsallaken iyaka, sun daina ƙone toho in suna sharar gona, sai su zaɓi mai ƙarfi su rene shi, suna kiran abin sassaben zamani. Muka yi ta rubutu da hasken tocila.

'Yan'uwa marubuta, a rubuce-rubucen da muke karanta wa juna a taro, sau nawa jarumi ya sauka a Dubai, sau nawa kuma aka ambaci sunan itace ɗaya na ƙasarmu? Mu dai ba mu ƙirga ba, kunya muke ji.

Da asuba muka naɗe tabarmi. "Malamai," in ji dattijon, "in littafin ya fito, da boko ne ko da ajami? Ni ajami nake gani." Muka dubi juna. Mafi ƙuruciya a cikinmu ya ce zai kwafe masa da hannu, ya kawo kafin shuka.