Neman Zango da Hunturu

Kakana bafatake ne. Tun ba a haifi ubana ba yake bin hanyar nan da ta taso daga Kano ta ratsa Zariya, ta sauko Keffi, ta wuce Nasarawa har Loko a bakin Binuwai. Da jakuna yake tafiya, ya kawo kanwa, ya koma da gishirin Keana da na Awe. Sa'ad da na yi wayo ya riga ya tsufa, ba shi da aiki sai zama a zaure yana ba mu labarin ayari, da madugu, da jagaba, da uban dawaki. Abin da ya fi maimaitawa shi ne zaɓen zango. Ya kan ce a sauka rana tana sama, a kusanci ruwa amma kada a kwana a bakinsa, kada kuma a kwance mangala sai an je an gai da mai gari. Mu kuwa hankalinmu yana kan gyaɗar da ke aljihunsa.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance shi ne labarin da wani ƙanena ya kawo daga Amurka. A can akwai mutane, yawancinsu tsofaffi waɗanda suka bar aiki, masu wata irin mota da aka yi ta kamar gida, da gado da murhu da makewayi duk a ciki. In sanyi ya matsa musu a arewacin ƙasarsu sai su gangaro kudu, cikin hamadar Arizona, wajen wani ɗan gari wai shi Quartzsite, su baje a filin gwamnati inda babu famfo babu lantarki. A yawancin irin filayen nan ba a biyan ko kwabo, sai dai in mutum ya cika kwana 14 ya tashi ya sake wuri. Waɗansu har da ƙananan motocin shiga daji suke jawowa a baya. Da na ji haka na ce, ashe fatauci ne ba haja. To, mu me zai hana mu? Daji dai ga shi Allah ya ba mu.

Da hutun Disamba ya zo sai na shirya da ɗalibai huɗu na ajin ƙarshe mu je mu ga Farin Ruwa a ƙasar Wamba, mu kwana biyu a daji, su zana taswirar abin da suka gani. Sai da na bi iyayensu ɗaya ɗaya na nemi izini. Uwar ɗayansu ta dube ni ta ce, "Malam, amana ce fa." Na ce ba kome, kamar wanda ya san abin da zai faru gobe.

Wani abokina ya ba mu aron tsohuwar Land Rover tare da direbansa, wani dattijo wanda ya yi shekaru yana jan motar katako. Baba muke ce masa. Muka ɗora tamfol da tanti da tabarmi, da shebur, da jarkar ruwa uku da ta fetur biyu. Biyu daga cikin yaran suka biyo mu a kan babura, wai su ne jagabanmu. Hunturu ne lokacin irin wannan tafiya, domin hanyoyin ƙauye sun bushe, rafuka sun janye, sauro ya yi sauƙi. Amma fa shi ne kuma lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, mafarauta suna cinna mata wuta.

Ba mu bar Keffi ba sai bayan azahar, laifina ne kuwa, na tsaya sayen burodi da sauran tarkace. Muka ba dutsen nan baya wanda ake kira da sunan Kyaftin Moloney, Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902, muka wuce Garaku, muka haye Kogin Mada, muka ratsa Akwanga. Can gaba muka saki kwalta muka kama wata 'yar hanya, don tun a gida na riga na zaɓi masaukinmu. Na duba hoton ƙasa irin na tauraron ɗan'adam a wayata, na ga wani fili fari tas a gefen rafi, shimfiɗaɗɗe kamar an share. Ba gida kusa, ba gona. Na ce nan ne.

Muna isa, rana ta yi ja cikin hazo, Baba ya tsaya a kan gangare ya ƙi sauka. Ya ce, "Malam, nan ba wurin kwana ba ne."

Na ce, "Don me, Baba?"

Ya ce, "Yashin nan samansa ne ya bushe. Kuma dubi ƙasa, duk sawun shanu ne. Mashaya ce."

Ni kuwa ga ɗalibaina suna kallona, ga waya a hannu. Na ce ai motar nan ƙafa huɗu take ja, tun 1948 ake ƙera irinta don wuri kamar wannan. Baba bai ƙara magana ba. Ya sa giya ya gangara. Ba mu yi taki ashirin ba sai muka ji motar ta yi nishi, ta zauna. Ya ƙara mata wuta kaɗan, tayoyin baya suka tono baƙin taɓo daga ƙarƙashin yashi, ta kafe har ciki.

Wanda bai taɓa fid da mota daga taɓo ba, bari in gaya masa yadda ake yi, ko wata rana zai yi masa amfani. Da fari a daina taka mai, don kowane juyi na taya ƙara haƙa rami yake yi. Sa'an nan a rage iskar tayoyin, su baje su kama ƙasa da faɗi. A tone gabansu da shebur, a kafa jak a kan katako mai faɗi don kada shi ma ya nutse, a ɗaga ƙafa ɗaya, a cusa duwatsu da rassa a ƙarƙashinta, a sauke, a koma wata. Duk mun yi wannan. Har tabarmar sallata sai da ta shiga ƙarƙashin taya. Magariba ta same mu mun gama ƙafa biyu, sanyi kuwa ya fara sauka kamar ana zuba shi da kwarya. Abin kunya, ni ne na koya wa yaran nan a aji cewa iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare cikin kwari take taruwa.

Muna cikin haka sai ga wani ɗan Fulani da garke ya ɓullo ta ƙetare. Ya tsaya, ya dubi motar, ya dubi baburan nan biyu, ko sallama bai amsa ba ya juya shanunsa da sauri. Na yi dariya na ce yaro ya ji kunya. Baba bai yi dariya ba. Ya ce a kashe rediyo, a kunna fitila a ajiye ta a tsakiya, kowa ya zauna inda haske zai nuna fuskarsa da hannuwansa.

A sa'an nan ne na gane abin da na yi. A wannan zamani, baƙi shida a mashaya da almuru, da mota da babura, ba su gai da kowa ba, me za a ɗauke su? Mutanen ƙauyuka sun sha jin labarin ɓarayin shanu da masu satar mutane, a kan babura kuwa aka san su. Ni ina tsoron mugaye a daji, ban taɓa kawo wa raina cewa mu ne za a ji wa tsoro ba. Na tuna da matar nan da amanarta, bakina ya bushe.

Ba a yi awa guda ba sai muka ga fitilu suna saukowa ta gefe biyu. Mutane ne wajen goma sha biyar, 'yan banga da mafarauta, da adaka da kwari da baka. Baba ya miƙe a hankali, ya yi sallama da ƙarfi, ya faɗi sunansa da garinsu da inda muka fito, ya ce malami ne da almajiransa, mota ce ta kafe. Wani ya haska fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya. Wani ya buɗe bayan mota ya tarar da littattafan zane da burodi. Sai wani dattijo ya matso, ashe shi ne mai unguwa, tare da arɗon rugar da yaron ya fito.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mun yi kuskure."

Ya ce, "Malam, da ka biyo ta ƙofata da ko kaza ka ci. Wa ya gaya maka wurin nan ba shi da mai shi?"

Na rasa amsa. In ce waya?

Samarin suka ajiye makamai suka kama mota, ana turawa ana waƙa, ba a jima ba ta fito. Mai unguwa ya sa aka kai mu wani fako a kan tudu, bayan gari kaɗan, inda kukan kare yake isa. An riga an ƙone ciyawar wurin tun makon da ya wuce, ƙasa baƙi ƙirin. Ɗaya daga cikin yaran ya ɓata fuska don toka. Wani maharbi ya ce masa, "Ɗana, inda wuta ta ci ba ta dawowa." Baba ya juya motar gabanta yana duban hanya, ya kafa ta ta wajen arewa maso gabas don ta tare mana iska, muka ɗaura tamfol daga rufinta zuwa wata ɗorawa. Arɗo ya aiko da kindirmo, matar mai unguwa ta aiko da dafaffiyar doya.

Wajen tsakar dare na farka na ga sama ta yi ja ta wajen rafi. Wuta ce wani ya saki, iska tana kora ta. Da safe da muka koma ɗauko jak, ciyawar gangaren nan duk ta zama toka har bakin yashi. Ban ce da ta ci motar ba, don yashi ba ya ci. Amma jarkar fetur biyu a gindin ciyawar muka sauke su jiya don mu rage wa mota nauyi.

Mun isa Farin Ruwa da hantsi, yaron mai unguwa yana gaba a kan babur, jagaba na gaske. Ruwan ya ragu saboda rani, duk da haka tun daga nesa ake hango shi yana zubowa daga duwatsun da suka gangaro daga Filato, fari kamar an shanya alawayyo. Yaran suka yi zanensu. Dare na biyu a fakon nan muka sake kwana, da izini, na kuma kai goro.

Muna komowa, bayan mun wuce Garaku, na ba Baba labarin kakana da sharuɗɗansa uku. Ya lissafa su da yatsa a kan sitiyari, ya ce, "To, Malam, ai ba ka bar ko ɗaya ba." Yaran suka yi ta ƙunshe dariya har muka shigo Keffi. Tabarmar tana nan a ɗakina da sawun taya a tsakiyarta, an wanke an wanke bai fita ba.