Kafin a taɓa ƙwaƙwalwa, sai an bi ta ajin lissafi

Daga Boɗinga zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota. Amma ɗalibin da ke burin yin digiri na biyu ko na uku a kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tafiyarsa ta shekaru ce, kuma yawancinta ana yin ta tun kafin a cike takardar neman gurbi.

Mutane da yawa na zaton wannan fanni haddace sunayen sassan ƙwaƙwalwa ne. Haddar tana da amfani, sai dai ba ita ce ginshiƙi ba. A ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace na aika saƙo da ɗan ƙaramin lantarki, wanda ke samuwa daga shiga da fitar sinadarai irin su sodiyom da fotasiyom ta bangon ƙwayar. Lokacin da Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila suka bayyana yadda hakan ke gudana a 1952, da lissafi suka bayyana shi, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1963. Saboda haka yaron da ya guje wa lissafi da fizik a sakandare, bashi ya ci, kuma zai biya shi a ɗakin bincike.

A digirin farko, ko a sashen fiziyoloji mutum yake, ko anatomi ko biyokemistiri, abu uku ne ke fifita shi: ƙwarewa a kemistiri, sanin ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta da manhaja irin su Python ko R, da aikin shekarar ƙarshe da ya yi da hannunsa. Wannan na ƙarshe ya fi nauyi, domin malamin da ya ga ɗalibi yana auna sinadari, yana maimaita gwajin da ya ƙi ci, shi ne zai rubuta masa wasiƙar shaida mai ƙarfi. Ba dole sai da kayan aiki masu tsada ba: ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ya buɗe wa duniya ƙofofi da dama a nazarin jijiyoyi, kuma da shi ƙungiyar TReND in Africa ta horar da matasan masu bincike a nahiyar nan.

Tambayoyin da za a bincika kuwa suna nan a gida. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a Sakkwato da Zamfara a 2017, yakan bar wasu yaran da suka rayu da kurumta. Zazzaɓin cizon sauro kan taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Farfaɗiya har gobe a wasu ƙauyuka ana danganta ta da iskoki, alhali tana da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da asibitin koyarwa na jami'ar suna karɓar waɗannan marasa lafiya, amma gano tushen cuta aikin mai bincike ne.

Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa. A hannun irin wannan malami, a ajin sakandare, ake fara yanke hukuncin wanda zai iya wannan karatu.